Ku Tambaya Mu Amsa: 'Yan Tsana Masu Magana

Wasiƙun wannan wata sun taru ne a kan 'yan tsanan nan da mai wasa ke ɗorawa a cinya, ya zura hannu ta bayansu yana motsa musu baki, yana yi musu magana leɓensa bai motsa ba. Tun da bidiyon Terry Fator da na Darci Lynne, waɗanda suka ci gasar America's Got Talent a 2007 da 2017, suka fara yawo a wayoyi, masu son mallakar irinsu suka ƙaru, wasu don wasa, wasu don koyar da yara, wasu don tarawa kawai. Yawancin tambayoyin daga Kebbi da Zamfara suka fito, kuma mun taƙaita su saboda fili.

Wata malamar firamare daga Ƙaura Namoda: Na sayi wata a gwanjo, tsawonta kamar inci 30. Kanta na roba ne, jikinta ƙyalle, ana jan zare a ƙeya bakin ya buɗe. Kan ba ya juyawa, yara kuma suna ganin hannuna. Za ta gyaru?

Malama, za ta gyaru, kuma irin wannan ce ta fi dacewa a fara koyo da ita, domin ko an ɓata ba a yi asara mai yawa ba. Abin da za ki yi shi ne ki raba kan da jikin, ki ɗora kan a bisa sanda, ki yi sabon jiki mai rami a ciki.

Ki kwance wayar da ta ɗaure wuyan. A bayan kai, inda hula za ta rufe, ki yanke taga mai faɗin inci 3 da wuƙa mai kaifi, ki ajiye abin da kika yanke don mayarwa. Ta tagar za ki ga inda tsohon zaren yake ɗaure a jikin haɓa. Ki cire shi. Sandar kai kuwa, fayif ɗin ruwa na roba mai faɗin inci 1 ya fi katako sauƙi, saboda akwai rami a cikinsa da zare zai bi. Tsawon inci 9 ya isa, inci 2 su shige cikin wuya, sauran su rage don riƙo. Gam ba ya kama robar kan 'yar tsana da kyau, saboda haka ki sa kafinta ya yanko miki faifan katako daidai bakin wuyan, ya huda tsakiyarsa fayif ya shiga, a ɗaure faifan da ƙananan sukuru 3 ta gefe, a cike ratar da Araldite. Ƙasan wuyan a mulmula shi da filar masu gyaran jikin mota ya zama kamar rabin ƙwallo, don kai ya riƙa juyawa da sunkuyawa.

Saura kunama, wato ɗan abin da babban yatsa ke dannawa. Inci 3 ƙasa da wuya ki tsaga fayif ɗin, ki zura ɗan katako mai tsawon inci 2, ki soke shi da ƙusa ta gefe ya riƙa lilo a kanta. Sabon zare ya sauko daga haɓa ta cikin fayif, a ɗaure a jikin kunamar. Wajen ƙulla zaren nan ake yawan kuskure. In ya yi tsauri baki ba zai rufu ba, in ya yi sako-sako sai kin danna rabi kafin baki ya motsa, maganar ta riga bakin fita. Ki ƙulla ki gwada, ki kwance ki sake, har ya zama da kin taɓa kunama haɓa ta amsa, sannan ki ɗiga gam kaɗan a kan ƙullin.

Jikin akwati ne marar nauyi: allon kafaɗa a sama mai faɗin inci 8, allon zama a ƙasa, tsayi inci 10, gaba da gefe a rufe da filawud siriri, baya a bar shi buɗe. A huda allon kafaɗa rami mai faɗin inci 2, a goge bakinsa, a shimfiɗa masa fata mai laushi. Hannuwa da ƙafafun tsohon jikin ki yanko su ki kafa su da ƙusa a sabon.

Wani masassaƙi daga Argungu: Turmi da akushi nake sassaƙawa. Ina so in sassaƙa kan 'yar tsana da kaina. Wane itace zan nema, kuma yaya ake yanka bakin?

Malam, kana da abin da yawancin masu wannan sha'awa ba su da shi, wato hannun da ya san gizago. Sai dai itacen turmi ba na wannan aiki ba ne. Kirya da maɗaci sun yi nauyi, kuma kan da za a riƙe da hannu ɗaya na tsawon rabin awa bai kamata ya wuce kilo 1 ba. Rimi kuma ya cika taushi, ba ya riƙe sukuru, ƙwari na son sa. Tsofaffin gwanayen Amurka da itacen baswud suke aiki saboda rashin nauyi da sauƙin yanka. Mafi kusa da shi a timbar garuruwanmu shi ne malaina. Ka nemi wanda ya bushe sosai, wanda hunturu ya wuce a kansa yana inuwa. Ɗanye zai tsage maka bayan ka gama wahala.

Ga 'yar tsana mai tsawon inci 36 zuwa 38, kai yakan kai inci 8 daga haɓa zuwa tsakar ka, faɗi inci 6. Kada ka sassaƙa daga gungume ɗaya. Ka haɗa katako biyu, na fuska da na ƙeya, ka sa takardar jarida a tsakani kafin ka manna su. In ka gama siffar waje, ka sa kurfi a kan layin ka buga a hankali, za su rabu ta kan takardar. Sai ka rarake cikin kowanne har kaurin bango ya koma kamar rabin inci, ka ɗan bar kauri a inda sukuru zai shiga.

Wanda bai iya sassaƙa ba yana da hanya biyu. Ta farko takarda ce, kuma ba abin rainawa ba ce, domin Len Insull na Ingila, wanda ya yi wa Peter Brough 'yar tsanarsa Archie Andrews, da takarda ya yi suna. A gina fuskar da yumɓu, a rufe da leda siririya, a yayyaga takardar buhun siminti, a jiƙa ta da Top Bond kashi 2 ruwa kashi 1, a manna falle 8 zuwa 10, ana bari ya bushe bayan kowane falle 3. A inuwa ake shanyawa, rana tana murɗe shi. Kada a yi da sitaci ko kunun fulawa, kyankyasai da ɓeraye za su cinye. Ta biyu duma ne mai kauri. Shi kuwa da saurin fashewa, don haka a kankare cikinsa, a manna masa ƙyalle falle 2 da gam ta ciki kafin zarto ya taɓa shi. Hanci da leɓe da kunne a gina su da garin katako da aka tankaɗe, a kwaɓa da gam ya yi kauri kamar tuwo, a riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, kada kauri ɗaya ya wuce kwatan inci, in ba haka ba waje ya bushe ciki na ɗanye, ya dare.

Yanzu baki, wanda shi ne ran aikin. Ka ja layi biyu daga kusurwoyin baki su sauka tsaye zuwa ƙarƙashin haɓa. Dole su tafi daidai da juna, in ɗaya ya karkace haɓar za ta cije a hanya. Ka yanka su da zarto mafi siranta da za ka samu, ka yanka tsakanin leɓe, ka yanka ƙarƙashi, haɓa ta fito a hannunka. Ka manna mata filawud siriri a gefe biyu su miƙe zuwa cikin kai, ka sa mata ƙasan baki da harshe. Ƙarfen da za ta riƙa juyawa a kansa sifok ɗin keke ne, a zura shi cikin ɗan bututu, ko da na biro ne, bakinsa biyu su zauna a cikin ƙananan katakai da aka manna a kumatu ta ciki. Wurin da ka sa shi yana da muhimmanci: kamar inci 3 bayan leɓe, daidai tsayin kusurwar baki ko sama kaɗan. In ya matso gaba da yawa, haɓa za ta faɗa ciki ta bugi wuya maimakon ta sauka. Kafin ka manna komai, ka riƙe da tef ka gwada.

Zare ne ke buɗe baki, sifirin ke rufe shi. Ka bar wa haɓar ɗan wutsiya a bayan sifok, ka ɗaura sifirin daga wutsiyar zuwa sukuru mai zobe a ƙasan kai. Zaren kuma a ɗaura shi a gaban sifok. Buɗewar inci 1 ta wadatar. Ratar gefe ta kasance katin banki zai shige ba tare da ya cije ba, ka kuma tuna fenti zai ci wani abu daga cikinta.

Idanu, a 'yar tsanarka ta farko, ka manna su kawai. Ƙwallon da ke bakin kwalbar turaren hammata ya yi daidai. Ka sa su su ɗan karkato wa juna kaɗan, kamar suna kallon mutumin da ke zaune gabansu, domin in sun miƙe sak sai fuskar ta zama babu kowa a cikinta. Idanu masu juyawa da girar da ke ɗagawa su jira ta biyu. 'Yar tsana mai motsi guda da ke amsawa nan take ta fi mai motsi biyar da ke cijewa, kuma kowace kunama da ka ƙara wani yatsa ne ka ɗaure wa aiki.

Wani mai karatu daga Jega: Tawa da damina bakinta cijewa yake, da hunturu kuma ƙas-ƙas yake yi. Na zuba man keke abin ya ƙaru.

Ɗan'uwa, cuta biyu ce, tushensu ɗaya. Katako da takarda suna shan danshin iska su kumbura daga Yuli zuwa Satumba, ratar gefen haɓa ta toshe. Da iskar hunturu ta busa sai su motse, rata ta buɗe, haɓa ta riƙa kaɗawa. Man da ka zuba ya shiga katakon, ya kuma kama ƙura ya zama dauɗa mai danƙo.

Ka cire haɓar, ka goge man da ƙyalle da ɗan sifirit. Ka shafa alli a gefenta, ka mayar, ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka sake cirewa. Inda allin ya goge nan ne take gogar bango, nan kaɗai za ka bi da samfefa mai laushi. Da damina ake wannan gyara, lokacin da kumburin ya kai iyaka. In ka goge da yawa, hunturu zai nuna maka ƙaton rami. Bayan haka ka shafe duk wani katakon da ke tsirara ta ciki da banish falle 2, don ya rage shan danshi. Abin sa santsi kuwa bakin fensir ne, a goga shi a kan sifok da gefen haɓa.

Ƙarar tana fitowa daga wuri biyu. In leɓe ne ke bugun leɓe, ka manna 'yar siririyar fata, irin wadda dukawa ke jefarwa, a bayan leɓen sama inda ba a gani. In haɓa ce ke kaɗawa hagu da dama, ka zura ƙananan zobba na roba a kan sifok ta kowane gefe.

Ka duba abu biyu tun da ka buɗe kan. In robar ɗaure kuɗi ce ke rufe bakin, ka canza ta da sifirin, domin zafin Afrilu zai narkar da ita ko ya tsinka ta ana tsakiyar wasa. In kuma zaren ƙugiyar kamun kifi ne, mai silili ɗaya, ka canza shi da zaren nailan saƙaƙƙe irin na labule. Mai silili ɗaya yana miƙewa, ƙullinsa yana zamewa, yana kuma yanka duk abin da yake gogawa.

Wani Alhaji daga Gusau: Ina da guda 6 da na tara. Yanzu wani a intanet yana tallar wata tsohuwa, ya ce aikin Frank Marshall ce. Fentinta ya farfashe. In na saya, in sake mata fenti?

Alhaji, mu fara da sayen. Frank Marshall masassaƙi ne na Chikago, shi ya yi wa mai wasa Paul Winchell 'yar tsanarsa Jerry Mahoney da ya yi suna da ita, ya kuma yi wa Jimmy Nelson tasa mai suna Danny O'Day. Aikinsa da na 'yan'uwan nan biyu, George da Glenn McElroy na Ohayo, waɗanda suka shahara da cika kan 'yar tsana da na'urori, su ne masu tarawa suka fi nema, kuma kuɗinsu dubban daloli ne. Duk abin da ya yi tsada haka, akwai na kwaikwayo. Wasu ma ba da niyyar zamba aka yi su ba, an kwafi fuskar ne an zuba ta da roba mai tauri, daga baya wani ya sayar a matsayin ta asali.

Kafin kuɗi ya fita, ka nemi hoton cikin kai an cire gashi. Aikin Marshall katako ne, za ka ga sawun kurfi da tsagin itace. In ciki sumul yake, zubi ne. Ka nemi hoton sandar kai da kunama da cikin jiki, da bidiyon da ake motsa komai, a riƙe takarda mai kwanan wata a gefe. Ka tambayi wanda ya mallake ta a baya. Sannan ka gwada fuskar da hotunan gidan tarihi na Vent Haven da ke Fort Mitchell a jihar Kentaki, wanda ya samo asali daga tarin W. S. Berger, aka buɗe shi a 1973, yana ɗauke da 'yan tsana sama da 900. Ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan tun farko, kuma ka sa a naɗe kan daban da jikin, a cusa soso a baki don kada haɓa ta karye a hanya.

Sunan da ke jikin 'yar tsana ba shi ne darajarta ba. Charlie McCarthy, ɗan tsanan mai wasa Edgar Bergen, wanda aka yi ta sauraro a rediyon Amurka daga 1937 zuwa 1956, na asalinsa yana gidan tarihi na Smithsonian a Washintan. Kamfanonin kayan wasa sun buga masu kama da shi ba iyaka, irin masu zare a ƙeya. Suna da kyau a tari, amma kada a sayar maka da su da kuɗin aikin hannu.

Fenti kuwa, in ta tabbata ta asali ce, kada ka taɓa. Masu tarawa fentin mai ita suke biya, ko da ya farfashe, kuma sabon fenti yana rage darajar. Ka share ƙura da burushi mai laushi, inda fenti ke ɗagowa ka zura gam da aka sirka da ruwa da bakin tsinke ka danna a hankali. Akwai dalili na biyu da ya fi kuɗi. Amurka ba ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan wasa ba sai 1978, saboda haka tsohon fenti yana iya ɗauke da ita, kuma samfefa tana mayar da shi ƙurar da ake shaƙa. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa yara bayan abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010. Kada a goge tsohon fenti a cikin gida, kada kuma a bar yaro ya sa irin wannan a baki.

Ajiya: ɗakin da ba ya fuskantar rana, nesa da kwanon rufi, a bisa kantar ajiya ba a ƙasa ba saboda gara. A rufe fuska da ƙyallen auduga. Leda tana tara gumi da damina ta kawo fumfuna. A tsare kan kada nauyinsa ya kwanta a kan hanci ko haɓa.

Wata mai karatu daga Yawuri: Tawa tsuntsu ce ta roba mai laushi. Ta fara danƙo tana tsattsagewa.

Hajiya, robar ta fara mutuwa, kuma ba a dawo da ita, sai dai a rage mata gudu. Rana da zafi da maiƙo ne ke kashe irin wannan roba, musamman basilin da man shafawa da ke hannu. Tagulla ma tana cin ta, kada ki bari waya ko maɓallin tagulla ya zauna a jikinta. Ki wanke hannu ki sa safar auduga kafin ki zura, bayan wasa ki bar cikin ya sha iska, ki barbaɗa hoda kaɗan, ki cusa ƙyalle don kada ta lanƙwashe. Inda ya tsage ki manna bandeji ta ciki da gam ɗin facin taya, ki shafa shi siriri. In za ki sayi wata, ta soso da aka lulluɓe da yadi ta fi jure zafin ƙasar nan.

Wani ɗalibi daga Talatar Mafara: Ina da 'yar tsana amma leɓena motsi yake. Da gaske ana jefa murya? Kuma Hausa za ta yiwu, ko sai Turanci?

Ƙanenmu, ba a jefa murya ko'ina, daga maƙogwaronka take fita. Ido ne ke jan kunne: mai kallo ya ga baki ɗaya yana motsi, ɗaya a tsaye, sai ya ba mai motsin maganar. Hausa kuma tana yiwuwa sarai, domin hawa da saukar murya da tsawon wasali duk ba a leɓe ake yin su ba.

Ka tsaya gaban madubi, haƙora a kusa da juna ba a cije ba, leɓe a ɗan buɗe kamar mai shirin murmushi. Ka ce "ina kwana", "sannu da aiki", "na gode". Za ka ga sun fita ba wahala. Haruffan da ke bukatar leɓe kaɗan ne: b, ɓ, m, f, sai w da ke bukatar kulawa kaɗan. A nan kai Bazamfare ka fi Bakano sa'a, domin Hausar yamma ta riga ta sallami f. Wanda ya tashi yana cewa "lahiya", "tahi", "kihi", "hita" ya huta da harafi guda. Ka sa 'yar tsanarka ta yi Zamfarci ko Kabanci tsantsa, babu wanda zai ji wani abu ya ɓace.

Saura uku. Madadin b, ka kafa harshe a bayan haƙoran sama ka sake shi da taushi, wani abu tsakanin d da b, kana tunanin b a ranka. Madadin ɓ ka yi ɗ haka nan da taushi. Madadin m ka yi amfani da sautin da ke ƙarshen "nan" da "can", wanda ke fita ta hanci bayan harshe ya ɗaga. Su kaɗai za ka ji ba su yi kama ba, amma a cikin jimla, da sauri, kunnen mai sauraro yana cike gurbin. W kuwa ka fara ta da "u" gajere.

Dabara ta biyu ita ce kauce musu tun wajen rubuta wasan. A maimakon "barka da yamma" ta ce "ina wuni". Kada ka raɗa mata Bala ko Mamman ko Binta, ga Tanko, ga Audu, ga Kande, ga Talatu. Kalmomi masu wuya ka bar wa kanka, tun da kai an yarda leɓenka ya motsa.

Muryarta ta bambanta da taka, ko siririya ta hanci ko mai kauri, amma wadda ba ta ƙaƙare maka wuya. In ka ji zafi ka tsaya ka sha ruwa. Bakinta ya buɗe sau ɗaya a kan kowace gaɓa, a kan wasali: "san-nu" buɗewa biyu ce. Sababbi sukan danna kunama a ƙarshen gaɓa, sai ta zama kamar tana cizon maganar. In tana magana ka dube ta, in kai kake magana kada ka bar ta ta sandare, kanta ya riƙa ɗan juyawa. Minti 15 kullum, ka riƙa ɗaukar kanka da waya, domin madubi yana sa mutum ya gyara leɓe ba tare da ya sani ba.

Wani magidanci daga Birnin Kebbi: Maƙwabta sun fara cewa akwai aljani a ciki. Ni ma ina so in san matsayinta a addini.

Malam, maganin zargin shi ne nunawa. Ka cire kan a gaban dattawan unguwa, ka nuna musu sanda da zare da sifirin, ka ba yaro ya danna kunama, sannan ka ajiye ta gefe ka yi muryar suna kallon bakinka. Kada ka taɓa barin mutane su tafi da zaton wani abu ne ya yi magana, ko da zaton zai ƙara maka 'yan kallo, domin daga nan wasa ya koma yaudara. In za ka fita da ita makaranta ko taro, ka fara sanar da mai unguwa da hukumar makarantar, ka kuma tambayi ƙa'idar Hisba ta garinku.

Hukunci kuwa na malamai ne. Abin da ya shahara shi ne hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana, kuma a kansa malamai suka yi sassauci ga kayan wasan yara, tare da tsanantawa a kan cikakken mutum-mutumi. Littattafan Malikiyya suna bambanta cikakkiyar sura da wadda ta rasa sashen da ba a rayuwa sai da shi. Ka je wa malamin da ka amince da iliminsa da ita a hannu, ka nuna masa kan yana cirewa, jikin rami ne, ka faɗa masa abin da kake yi da ita.

Wani tela daga Zuru: An kawo mini in ɗinka wa wata kaya, an kuma ce in gyara launin fuskar ta zama irin tamu.

Maigida, kayan yaro ɗan shekara 2 zuwa 3 suna yi wa mai inci 36 daidai, sai dai a faɗaɗa wuya don kai ya samu wurin juyawa, a tsaga baya inci 7 a kalmashe bakin tsagar. Babbar riga tana ɓoye hannun mai wasa da kyau, amma ka yi ta da yadi marar nauyi, shadda mai sitaci tana ƙara kuma tana tokare haɓa. Aikin wuya kada ya taso ya kai inda haɓa ke sauka. Hula a kama ta da maɗauri mai manne ta ciki, ba da gam ba, tun da ƙarƙashinta tagar gyara take.

Fenti, in ba tsohuwar tari ba ce, ka goge sheƙin da samfefa mai laushi, ka yi amfani da fentin akirilik na masu zane. Baƙi da fari toka suke bayarwa. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka ƙara ja kaɗan da ruwan ɗorawa kaɗan, ka gwada a bayan kunne ka jira ya bushe, don yakan ƙara duhu. Falle 3 sirara, ka cire haɓa ka fente ta daban. Kan kumatu da doron hanci da goshi ka ɗan haskaka su don fuskar ta fito daga nesa. Kada ka sa mai ƙyalli, fitila da kyamarar waya za su mayar da fuskar fari fat. Farin ido ka sirka shi da ɗigon ruwan ƙasa, cikin baki kuma ja mai duhu.